Muryar Babu

Kwanakin baya babban ɗana ya ɗauke ni a mota daga unguwar Albarika ta Paraku zuwa bayan gari, wai in sha iska, tunda likita ya ce in riƙa fita. Muna tafe ya ɗaga wayar nan tasa da ba ta barin hannunsa ko a gaban tuwo, ya ce, "Inna, mu yi sauri, ta ce ƙarfe huɗu za a yi ruwa." Na ce wa ta ce? Ya ce waya. Na ce to, ka gaishe ta. Sai da muka sha wata kwana na gane inda muke, na ce ya tsaya. Ginin yana nan, ɗan ƙarami mai baranda, amma a rufe, ciyawa ta cinye matakala. A gefensa an kafa dogon ƙarfe da wani farin akwati a jiki, wai shi ke auna komai yanzu ya aika inda ake so, ba mutum ba ɗan mutum. Na leƙa ta taga. A bangon da ke kallon ƙofa akwai ƙusa, a ƙarƙashinta kuma wani dogon wuri da fentinsa ya fi na sauran bangon haske. Ɗana ya ce an daɗe da kwashe irin kayan da ake ratayewa a nan, don an gano ruwan da ke cikinsu guba ne. Na daɗe riƙe da ƙarfen tagar har ya fara tambaya ko jiri nake ji. Ba jiri ba ne. A gaban ƙusar nan aka taɓa yi mini abin da ba a sake yi mini ba, kuma tun da na ga wurin ba kowa nake jin gara in faɗa kafin ni ma a kwashe ni.

Mu mutanen Jugu ne. Kakanninmu fatake ne da suka biyo hanyar goro, suka yada zango a can, zangon ya zama gida. Amma mu a gidanmu ba goro muka gada ba, fata muka gada. Mahaifina baduku ne, ɗan baduku, jikan baduku. A wancan zamani duk abin da mutum yake ganin darajarsa, cikin fata yake sa shi. Malami ya kawo a yi masa gafaka, maharbi ya kawo wuƙa a yi mata kube, uwa ta kawo layar jaririnta a ɗinke. Ni ba cara ke tashe ni ba, kukan aska ne a kan dutsen washi, sai bugun fata a kan gungume, sai tarin Baba, wanda shi ne alamar a kawo koko. Gidan gaba ɗaya warin bagaruwa yake da man kaɗe. In na shiga cikin 'yan mata a wurin biki, tun ba su waiga ba sai su ce 'yar dukawa ta iso. Haushi nake ji a lokacin. Yanzu da komai ya koma roba, takalmi roba, jaka roba, har carbi roba, da zan sami mai sayar da warin nan da na saya. Yaran yanzu takalmi ya tsinke sai bola. Baba kuwa ko takalmin baƙo ya taka a kife a ƙofar masallaci, sai ya sa ƙafa ya birkice shi, ya ce rashin ladabi ne a bar gindin abu yana kallon sama. Haka yake yi wa ƙwarya, haka yake yi wa allo, hannunsa ma ba ya shawara da shi.

Ni ce 'yar fari, kuma kun san yadda al'adar take a da. Uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Kunya ce, ba ƙi ba, haka aka gaya mana, haka kuma na yi wa nawa. Amma wanda ake yi wa kunyar ba kullum yake jin daɗinta ba. Ƙannena kowa da sunansa a bakin Baba, har da na tsokana. Ni kuwa "ke" ce. In kuma maganata yake yi da wani, "waccan" ce. Na girma ina jin sunana a bakin kowa har mai tallan kifi, ban da baki ɗaya da nake so in ji shi a ciki.

Ƙannena maza an sa su lakwal, wato makarantar boko, suna ganin basilla sai su tuna da wani aike. Ni ce mai zama a bakin ƙofar da ta haɗa zaure da cikin gida ina kallo, har hannuna ya koya ban sani ba. Ina budurwa yanar ido ta fara rufe idon Baba. Da farko sai ya ce hasken yau ba kyau, ke, zura mini zare. Daga baya hasken ya daina yin kyau ko da tsakar rana. Ba wanda ya ce uffan, ko Inna. Wata rana kawai ya miƙo laya da bai gama ba ta bayan ƙofa. Na ɗinke, na miƙa masa. Ya bi ɗinkin da babban yatsa daga farko har ƙarshe, ya ce, "Hm." Wannan "hm" ɗin shi ne ladana na shekara uku. Shi yana zaure da fata a cinya yana ta shafa, ni ina bayan ƙofa ina aikin da ke bukatar ido. Dole a ɓoye, domin ranar da gari ya ji baduku ya makance, ranar aiki zai bar gidan, kuma akwai malaman da ko a mafarki ba za su yarda hannun mace ya rufe musu laya ba. Bayan wannan ma, Baba mutum ne da ya fi son a zage shi da a tausaya masa. Ya haddace takun kowa a unguwa. Tun mutum bai yi sallama ba zai kira sunansa, har ana cewa tsohon nan idonsa kamar na shaho.

Ana nan, gab da faɗuwar damina, sai ga mijin gwaggona da muke ce wa Baban Gema, don a Gema ta Paraku suke zaune. Direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, mutumin Nijar, mai kirki ƙwarai, amma bakinsa ba ya riƙe ko ruwan alwala. Ya zo da wani baƙo mutumin kudu, siriri, mai gilashin ido, wanda har muka rabu Mushe kawai muka san shi.

"Yaya," in ji Baban Gema, "wannan mushen a biro ɗin meteyo yake, ofishin masu duba ruwa da iska saboda manoman auduga. Aparai ɗinsu, wato abin awonsu, shi ne ya yi pan, fatar cikinsa ta tsage. Dukawan Paraku biyu sun gwada, aikin ya ƙi. Na ce masa in dai fata ce, mu tafi Jugu."

Mushe ya gaisa da Hausarsa ta kasuwa, ya sa wa Baba wata 'yar kwalba a tafin hannu, ba ta fi ta turare ba. Ina leƙe ta tsagar ƙofa na ga hannun Baba ya yi ƙasa kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ya ɗan girgiza ta kusa da kunne. "Zaiba ce," ya ce. "Na taɓa jin labarinta a wurin maƙeran zinariya." Mushe ya ɗiga kaɗan a farin kwano. Jama'a, na ga abubuwa a duniya, na ga jirgin sama, na ga ɗakin Ka'aba da idona, amma ban manta ɗigon nan ba. Ruwa ne amma ba ya jiƙa kwano. Ƙarfe ne amma yana gudu. Mushe ya taɓa shi da tsinke ya watse ya zama 'ya'ya goma, kowanne da zauren gidanmu a jikinsa, suka zagaya suka sake haɗewa ba tabo. Na toshe bakina da gyale. Baba kuwa ya sunkuya a kan kwanon, ya ce, "Ikon Allah," kamar shi ma yana gani.

Abin da Mushe yake so, fata ce mai laushi, siririya, wadda ba ta da maiƙo, ba ta kuma da huda ko ta bakin allura. "Ruwa yana haƙuri, Malam," in ji shi. "Wannan ba ta haƙuri. In akwai ƙofa, sai ta same ta." Kuma dole wanda ya yi fatar ya je Paraku ya ɗaura ta da hannunsa, don abin ba ya son tafiya. Na tabbata Baba zai kawo uzuri. Sai na ji ya ce, "Nan da kwana goma, in Allah ya kai mu." Da suka tafi sai ya yi magana da bango. "Ke, kin ji." Na ce na ji, Baba. A raina kuwa na ce tsohon nan girman kai zai kai mu inda za a yi mana dariya da Faransanci.

Kwana taran nan ban san na yi su ba. Muka karɓo fatun 'yan awaki daga majema, na wanke maiƙonsu da toka, na riƙa kankare su da aska a hankali. Baba ya shafa ya ce nan da kauri, nan kin kusa fasawa, ɗaga hannunki. Ni kuma in ɗaga fatar ga ranar hantsi in nemi inda haske ke tsiyayowa. Yatsunsa ba sa ganin huda, idona ba ya jin kauri, sai mun haɗu muke zama baduku ɗaya. In mun gama sai mu ƙulle zaibar da Mushe ya bar mana a ciki, mu rataye a saman farin kwano. Fata uku, kowacce da safe sai in tarar da 'yan ƙananan idanu suna kallona a gindin kwanon. Ta huɗu ta kwana uku, kwano ya wayi gari fes. Da hannu muke tara guba muna murna. Allah ne kawai ya kiyaye, rashin sani ya fi dare duhu.

Aka ce za ni gaida Gwaggo, shi ya sa na bi shi. A Paraku na fara jin kukan jirgin ƙasa, na kusa zubar da ƙunshin kaina. Na riƙa tafiya gaban Baba kaɗan ina jan takalmi a ƙasa, shi yana bin ƙarar, wanda ya gan mu sai ya ce yarinya ce mara tarbiyya da uba mai haƙuri. Da hantsi Baban Gema ya kai mu ginin nan mai baranda. Maza suka shiga, ni na zauna a bakin ƙofa da ƙunshin kayan aiki, kamar yadda ya kamata.

Daga nan nake hango shi a jikin ƙusa. Doguwar sanda ce ta tagulla, ta kai tsawon taɓarya, da zobe a kai, da ɗan tulu na gilashi a gindi. Ta wata tsaga a sama ana ganin siririn bututun gilashi, zaiba a tsaye a ciki tana sheƙi. A tsaye fa, ba wanda ya riƙe ta. Mushe ya ce sunansa barometir. Baba ya ce, "Mu dukawa ba mu yarda da ido ba, sai mun shafa," ya miƙa hannu ya bi shi daga zobe har gindi, yana tambaya. Mushe ya faɗi sunan kowane wuri da Faransanci, Baba ya raɗa masa na Hausa nan take. Tulun gindi, inda fatarmu za ta zauna, Mushe ya ce kubet, Baba ya ce ƙoƙo. Wani ɗan farin tsinke a cikin ƙoƙon, wanda dole fuskar zaiba ta taɓa bakinsa kafin a karanta awo, Mushe ya ce na hauren giwa ne, Baba ya ce to haƙori ke nan. Kan zaibar kuma ba a miƙe yake ba, ya ɗan yi tudu, shi ake dubawa. Mushe ya ce menisk. Baba ya ce, "Tudu a sama? Tozo." Mushe ya yi dariya har ya cire gilashinsa ya goge, ya ce daga yau tozo ne.

A jikin allon da aka rataye shi akwai rubutu jere daga sama zuwa ƙasa. Mushe ya karanta mana: fari ƙal, rana mai kyau, sauyi, ruwa, ruwa mai yawa, can ƙasa kuma tampet, wato hadari mai ɓarna. Ya ce mu duba inda tozon yake tsaye. A kan tampet yake, alhali a waje rana ake kamar ta gasa ƙwai. Ya ce tun da aka kawo shi a nan yake, rani da damina, don mutanen bakin teku aka rubuta kalmomin, mu kuwa a kan tudu muke. Baba ya ce, "Ashe irin ƙanwata ce, kullum fuskarta hadari, ruwa kuwa shiru." Baban Gema ya ce shi dai bai ji ba. Mushe ya ce shi ba kalmomin yake bi ba, 'yan layukan da ke gefe yake karantawa, kuma da su ya ga abin da har yau yake ba shi mamaki: kullum zaibar nan tana ɗagowa kaɗan da hantsi, ta sunkuya kaɗan da la'asar, ba ta taɓa fashi ba. Baba ya bar dariya. Ya ce, "Ita ma tana da lokutanta."

"Me ke riƙe da ita a tsaye?" ya tambaya.

"Iska, Malam. Iska tana da nauyi. Tana danna ta ƙoƙo, ita kuma ta cikin bututu ta hau. Nauyin nan muke aunawa."

"Iskar nan?"

"Ita. Daga kanka har can inda sama ta ƙare. Tun ranar da aka haife ka kake ɗauke da ita."

Ban san lokacin da na ɗora hannu a kaina ba. Ni da nake taƙama da ɗaukar tulu ba gammo, ashe duk tulun da na taɓa ɗauka akwai wani kaya a samansa da ba a taɓa sauke mini ba. Na ji ina son in yi salati.

Yatsan Baba ya koma sama, tsakanin tozo da zobe. "Nan fa, me ke ciki?"

"Bid," in ji Mushe, yana cije leɓe wajen faɗa.

"Biɗa? Me ake biɗa a ciki?"

"A'a, Malam. Bid. Babu. Babu komai."

"Iska dai."

"Ko iska babu. In iska ta shiga ko kamar ƙwayar gero, aparai ya mutu. Wannan babun shi ne ransa."

Baba ya janye yatsansa a hankali.

Sai aka fara aiki. Mushe ya murɗa wani ƙarfe a gindi har zaiba ta cika bututu, ya sauke sandar daga ƙusa, ya juya ta a hankali, ba ko motsin kirki, har kanta ya koma ƙasa, ƙoƙo ya koma sama. Ashe haka ake yi, in ba haka ba iska ta shiga. Duk wannan a shiru ya yi shi, don a ganinsa kowa yana kallo. Ya kwance murfin, ya cire tsohuwar fata. Bakin ƙoƙo ya zama a buɗe, zaiba cike tana rawa a ciki. Sai ya ga kwanon da zai rage ta yana ɗaya ɗakin. Ya sa sandar a hannun Baba ya ce, "Riƙe mini haka, Malam," ya fita.

Na ga hannun Baba ya bi sandar zuwa ƙasa. Ya taɓa zobe. Na ga fuskarsa ta yi irin yadda take yi in ya taka takalmi a kife. A wurinsa, baƙo ne ya yi gaggawa ya miƙa masa abu mai daraja kansa a ƙasa, gindinsa yana kallon sama, kuma gyara masa za a yi a rufa masa asiri. Ya fara juya ta.

Ban san na tashi ba. Ƙunshin ya zube, na tsallake ƙafar Baban Gema, na damƙe wuyan hannun mahaifina da hannu biyu, na daka masa tsawa irin wadda ko akuya ban taɓa yi wa ba. "Baba, tsaya!" Ya tsaya cak. 'Yan ɗigo suka zubo, suka watsu a siminti suna tsalle, kowa a ɗakin ya ji su. Mushe ya shigo a guje, kwano a hannu, ya dubi sandar da ta karkata, ya dubi Baba.

"Malam! Ba ka ga bakinsa a buɗe yake ba?"

Har yanzu ina riƙe da hannunsa, ina jin jijiyarsa tana bugawa. Na san Baba, yana da amsa goma a aljihu. Zai iya cewa santsi ne, zai iya cewa yarinyar ce ta firgita shi, ni kuwa da na karɓi laifin da gudu. Na kuma san Baban Gema yana nan baki buɗe, duk abin da aka faɗa a ɗakin nan zai riga mu isa Jugu.

"Ban gani ba, Mushe," in ji Baba. "Shekara uku ke nan ban gani ba."

Baban Gema ya ce innalillahi. Mushe ya ajiye kwano, ya miƙar da sandar a hankali. Can ya ce, "To fatar fa? Wa ya yi?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji Baba. "Ga mai ita nan riƙe da ni. Ke, sake ni, ki ɗauko zare."

Haka na yi aikin fata a gaban maza karo na farko a rayuwata, ba ƙofa tsakanina da kowa. Sau biyu zaren ya suɓuce mini ya faɗi. Baba ne ya riƙe sandar, kanta a ƙasa kamar yadda aka ce, bai ko numfasa da ƙarfi ba. Da kunne yake bina. "Kakin ya yi kaɗan, ƙara goga. Zagaye bakwai. Ja, kada ki ji tausayinta." Na ɗaura, Mushe ya mayar da zaibar da ya rage, ya rufe. Sannan ya karɓi sandar ya fara miƙar da ita, a hankali, a hankali. Na ga zaiba ta saki kan bututu ta sauko, ta bar wurin nan fayau a samanta. Ya ce saura abu ɗaya. Ido ba ya iya rabe babu da iska, duk fari suke. Sai dai a karkata sandar kaɗan, zaiba ta gudu ta bugi kan gilashi. In iska ta shiga lokacin da aka juya ta, za a ji bugun a dushe, kamar an jefa tsumma. In ba ta shiga ba, za mu ji.

Muka yi tsit. Ya karkata.

Ƙyas.

Ƙara ce 'yar ƙarama, tsaf, kamar an taɓa ƙaramin cokali a bakin kofin shayi. Mushe ya sauke ajiyar zuciya ya yi wata magana da yarensu. Baba ya matso da kunnensa. "Sake," ya ce. Aka sake. Ƙyas. Ya ce a ƙara, Mushe ya ce gilashi ne, Malam, sau biyu ya isa. Ana cewa gani ya kori ji, amma a ranar nan mu uku masu ido ba abin da muka fi shi da shi. Ya daɗe tsaye, idanunsa farare suna kallon bango, hawaye yana bin gemunsa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ya ce, "Allahu akbar. Ashe babu ma tana da murya. Ni da nake zaton inda ba a ganin komai, ba kowa."

Muka zauna har la'asar. Tozo ya sunkuya kamar yadda aka ce, farin kwanon da aka ajiye a ƙasa kuma ko ɗigo babu. Mushe ya jawo wani littafi mai baƙin bango, ya ce duk abin da aka yi wa aparai ana rubutawa, da ranar, da wanda ya yi. Ya ɗaga alƙalami. "Sunan wa zan sa, Malam?"

Na sunkuyar da kai ina tattara basilla. Na san abin da zai ce. Zai ce a sa 'yar baduku, ko a sa waccan, ko ya bar Baban Gema ya faɗa.

Sai ya faɗi sunana.

Ya faɗe shi cikakke, a hankali, kamar yadda liman ya raɗa shi. Mushe bai ji sosai ba, ya ce yaya? Baban Gema ya buɗe baki zai taimaka, Baba ya ɗaga masa hannu, ya sake faɗa da kansa. Basilla ta shige mini yatsa ban ji ba, sai daga baya na ga jini a zanena.

Labari kuwa ya riga mu isa Jugu, kamar yadda na sani. Wasu malamai suka ɗauke layunsu suka kai wani wuri, wasu suka zo yi masa jaje ya kore su da dariya. Masu gafaka da masu takalmi suka ci gaba da zuwa, ba yawa, amma tukunya ba ta taɓa kwana a kife ba. Washegarin dawowarmu ya sa aka fito da tabarmata daga bayan ƙofa aka shimfiɗa a zaure kusa da tasa, a nan na yi aiki har aka kai ni ɗaki. Ya yi shekaru bayan haka, kuma duk baƙon da ya zauna sai ya ba shi labarin sandar zaiba, da tozo, da wurin da ko iska babu. Amma ni na koma "ke". Bai sake faɗa ba har ya koma ga Allah, ni ma ban nema ba.

Shi ya sa na daɗe a tagar nan. Ban san inda suka kai sandar ba, ban san ko littafin yana nan ko gara ta ci. Ɗana ya gaji da jira ya ce, "Inna, ba komai fa a ciki." Na ce na sani, ɗan nan, kai dai yi shiru. Saurare nake.